Baka da Bindiga a Ƙasar Ruma: Tarihin Riƙon Makami a Yammacin Katsina

A Amurka da wasu ƙasashen Turai mutum kan ɓata makonni yana auna ƙananan bindigogi biyu, Glock ta Ostiriya da Beretta ta Italiya, yana duba wadda ta fi zama a tafin hannu da wadda kunamarta ta fi laushi, don kawai ya je filin gwajin harbi ranar hutu ya huda takarda. Harbin saiti wasa ne a can, yana cikin wasannin Olamfik tun 1896. Mutumin Tsaskiya ko Runka ko Batsari a yammacin Katsina ba shi da wannan zaɓi, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasin shugaban ƙasa ake riƙe su. Amma kakanninsa sun yi nasu zaɓin tsakanin makamai biyu, kwari da baka a gefe guda, bindiga a ɗaya gefen. Wanda ya bi tarihin wannan zaɓi zai ga cewa ba sha'awar mutum ɗaya ke yanke shi ba. A ƙasar nan makami bai taɓa zama a hannun mutum ba face akwai wani na gaba da shi da zai tuhume shi idan ya yi ɓarna, kuma wannan tsari shi ne abin da ya ɓace mana a bakin dajin Rugu.

Bindiga ta daɗe da shigowa. A ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yana da maharba da Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, ya kuma ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye masu gadi masu bindiga. Duk da haka ta tsaya a fada, ba ta bazu cikin talakawa ba, kuma dalilan a fili suke. Tana da tsada, albarushinta daga nesa ake kawo shi, idan damina ta jiƙa shi ya tashi aiki. Kafin mai bindiga ya ɗura, ya danna, ya saita, maharbi ya saki kibau da dama. A Tafkin Kwatto ma a 1804 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda ƙarfinsu yana ga 'yan baka, suka karya dawakin Gobir. Sarakuna sun gane cewa amfanin bindiga yana ga tara ta wuri ɗaya, don haka suka damƙa ta ga bayin sarki da barori, mutanen da umarni ɗaya ke tayar da su, umarni ɗaya ke zaunar da su.

Yammacin Katsina ya fi ko'ina sanin darajar baka, domin bakin daga ne. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina, zuriyar tsofaffin sarakuna suka kafa Maraɗi, daga can kuma hare-hare ba su yanke ba kusan tsawon ƙarni na 19. Dajin da ya raba Katsina da Zamfara shi ne hanyar mahara. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, a tafiyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya bi ta Kurfi da Zakka, ya tarar da garuruwa masu ganuwa, ya kuma ratsa dajin cikin fargabar Gobirawa. Ƙasar da ta fitar da Ɗanwaire na Ruma ke nan, jarumin da har yau ake kiran sunansa idan ana zancen yaƙi, kuma har yanzu hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa. A irin wannan wuri kusan kowane baligi yana da kwari a rataye. Sai dai baka ba a sayen ƙwarewarsa a kasuwa. Yaro yana shekaru yana bin ubansa ko ubangidansa daji kafin a yarda ya ɗauki kibiya mai dafi, kuma haɗin dafin, na kwankwani da mahaɗansa, sirri ne da manya ke riƙewa. A saman maharba akwai Sarkin Baka, a samansa akwai mai gari, a saman mai gari akwai hakimi. Idan kibiya ta sami wanda bai kamata ba, an san gidan da ta fito, an san wanda za a kira. Shekarun koyon su ne tacewar, domin mai zafin kai da maras kunya tun kafin su iya harbi an riga an gane su.

A ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta ƙaru. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara ta da yawa, har ana ƙera igwa a Zinder, Rabeh kuma da ita ya ci Barno a 1893. Amma Turawa sun riga sun rufe ƙofa: yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar mana tsohuwar mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a 1903, lokacin da Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, a gaban bindigar Maxim, Katsina kuwa ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Daga nan bindigar gargajiya, adaka ko bindigar toka ko harba-ka-ruga, ta koma sana'o'i biyu. Ta zama kayan mafarauci, maƙeran gari suna ƙera ta suna gyara ta. Ta kuma zama kayan biki, 'yan bindigar sarki suna barin wuta a hawan salla, albarushi zalla babu harsashi, yara suna toshe kunne suna murna. Wannan shi ne wasan harbinmu, kuma ko shi ba a yinsa kai-tsaye. Farautar rani sai an sa rana, sai an nemi izini, sai an yi shela a kasuwa, kuma idan rigima ta tashi a kan nama akwai manyan da ke raba ta. Dokar 1959 ma ta gaji wani abu daga wannan, tun da ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a aji na daban, ta bar lasinta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Abin da ya zo daga baya ya tsallake dukkan matakan nan a lokaci guda. AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya, ruwan sama bai dame ta ba, yaro kuma yana iya koyon sarrafa ta cikin yini. Ba ta buƙatar ubangida, ba ta buƙatar maƙerin gari, kuɗin shanun sata ya isa. Rushewar Libiya a 2011 ta ƙara kwararar makamai ta Sahel, iyakar Nijar kuma ga ta nan kusa da Batsari da Jibiya. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Disambar wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

Mai musu zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi, duk wannan tarihi ba ya tare harsashi. Doka tana ɗaure hannun mai bin ta ne kawai, ɓarawon daji bai taɓa neman lasi ba, kuma manomin da aka ƙone rumbunsa aka tafi da iyalinsa ba zai jira tsari ba. Gwamna Aminu Bello Masari da kansa, bayan sulhun da aka yi da ɓarayin daji a 2019 ya wargaje, ya fito a 2021 ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Ba wanda ke da bakin cewa mutum ya naɗe hannu a yanka shi. Addini da hankali duka sun ba shi haƙƙin kare ransa da iyalinsa. Tambayar ita ce ta wace hanya, kuma a nan muna da shaida ta kusa. Ƙungiyoyin 'yan sa-kai sun tashi ne daga wannan buƙata ta gaskiya, cikinsu akwai waɗanda suka ba da rayukansu domin garuruwansu. Amma inda babu mai tuhumarsu, an kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba a kasuwanni da kan hanya, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan ƙauyukan da ba su da hannu, har gwamnatocin Katsina da Zamfara suka haramta ayyukansu a lokuta daban-daban. Masu cewa kakanninmu ma da makami suke kwana sun faɗi rabin gaskiya. Mutanen Ruma da Zakka sun riƙe makami a bayan ganuwa, ƙarƙashin shugaban da ke cewa a fita ko a dawo, wanda kuma shi zai amsa a gaban Sarkin Katsina idan an yi zalunci.

Wani kuma zai nuna Suwizalan, inda bindiga ke cikin gidaje da yawa, gasar harbi al'ada ce ta ƙasa, kisan kai kuma kaɗan ne. Misalin yana goyon bayan hujjarmu ne. Harbin Suwizalan ya tsiro ne daga aikin soja na dole da ƙungiyoyin harbi na garuruwa, inda ake horar da matashi a gaban manya, ana sanin sunansa da lambar bindigarsa. Amurka, inda zaɓin ya fi zama na mutum shi kaɗai, ita ce ke binne dubban mutane kowace shekara saboda harbi.

A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, matasan yankunan da abin ya shafa, da horo da albashi. Wannan ya fi kusa da tsohon tsari fiye da kiran kowa ya sayi tasa, amma yunifom kaɗai bai isa ba. Ya kamata kowace bindiga da ke hannun ɗan banga ko mafarauci a Safana da Batsari ta shiga rajista a gaban mai gari da hakimi da 'yan sanda, a dawo wa Sarakunan Baka da ikon tantance wanda ya cancanci riƙewa, a sa makiyayan da ke zaune lafiya cikin tsarin, kuma wanda ya harbi marar laifi a gurfanar da shi a kotu ko ɗan wane ne. Majalisar dokokin jiha da masarautar Katsina su ne ke da ikon fara wannan aiki, kuma jama'ar Tsaskiya da maƙwabtansu suna da haƙƙin su neme shi daga gare su.