Tsinin Mashin Lowe: Sura Ta Ba Shi Suna, Ƙasa Ta Ba Shi Shekaru

Masu iya magana kan ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya dace da labarin wani tsinin mashi na dutse da ake tsinta a ƙasar Beliz, wadda ke maƙwabtaka da Meziko da Gwatamala a Amurka ta Tsakiya, yankin da kabilar Maya ta kafa biranenta.

Idan masani ya sami irin wannan dutse, abu na farko da zai duba shi ne surarsa: tsawo, da faɗi, da gindin da ake ɗaurewa a jikin gora, da yadda aka sassaƙe bakinsa. Da waɗannan alamomi ake raba duwatsun gida-gida, a raɗa wa kowane gida suna. Wanda muke magana a kai ana kiransa Lowe, sunan wata gona da aka same shi. Yana da faɗin gindi, da kunnuwa biyu irin na kibiya, kuma kowane baki nasa ta fuska guda aka fi fere shi, wannan ta gaba, wancan ta baya.

To, amma sura ba ta faɗin shekaru. Dutse ba ya aunuwa da awon da ake yi wa gawayi ko ƙashi. Yawancin waɗannan duwatsu kuwa a saman ƙasa aka tsince su, ba tare da abin da zai shaide su ba. A shekarar 1993 Thomas Kelly ya wallafa binciken da ya ajiye su tsakanin 2500 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A kan haka aka zauna fiye da shekara 20.

Sai a 2019 Keith Prufer da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka tono a ƙarƙashin inuwar wasu manyan duwatsu a kudancin Beliz. A nan sun tarar da irin wannan tsini kwance cikin ƙasar da ba a taɓa birkita ba, tare da gawayin da za a iya aunawa. Awon ya nuna cewa sana'ar ta kai shekara 9,300 zuwa 12,000. Ashe masassaƙan sun girmi lissafin farko da dubban shekaru, sun rayu tun kafin noman masara ya iso yankin.

Saboda haka, mai tonon ganima da ya zare dutse daga makwancinsa domin ya sayar ya raba shi da shaidarsa ke nan har abada. Haka marubucin tarihi: duk labarin da ya zo hannunsa, kafin ya yaba kyawunsa, ya fara tambayar inda aka samo shi da abin da ke kusa da shi. Allah Ya sa mu dace.