Kududdufan Birnin Kano

Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙa a cikin ganuwa don ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya riƙa taruwa a cikinsu. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gina ganuwar. A da, idan yaƙi ya sa an rufe ƙofofi, kududdufai da rijiyoyi da rafin Jakara ne ke riƙe mutane da dabbobi. Kududdufan ne kuma ke shanye ambaliya.

A 2007 aka sa ganuwar cikin jerin share fage na wuraren tarihi na UNESCO, amma kududdufai da dama an cike su da shara, an yi gini a kai. Waɗanda suka rage na buƙatar a auna su, a rubuta sunayensu da unguwanninsu.