Nijeriya da Haɗin Gwiwar Ƙasashen Duniya kan Wutar Hasken Rana

Nijeriya tana daga cikin ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyoyi da sauran ƙasashen duniya domin bunƙasa makamashi mai tsabta, wato wutar lantarki da ake samu daga rana, iska ko ruwa ba tare da ƙona fetur ko dizal ba. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, da kuma jami'an ƙananan hukumomi, su san hanyar da amfanin waɗannan yarjejeniyoyi ke bi ya iso ƙauyukanmu.

Ƙasarmu mamba ce a Ƙawancen Ƙasashen Duniya kan Hasken Rana, wanda Indiya da Faransa suka ƙaddamar a birnin Faris a shekarar 2015. Ta amince da Yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi a 2017, sannan a taron Gilasgo na 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai wuce abin da take iya shafewa ba. Binciken hasken rana kuwa ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin tun a shekarun 1980 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take wannan aiki.

Inda kuɗin ke bi

Mafi yawan tallafin yana bi ne ta Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA. A 2018 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 350 domin Shirin Wadata Nijeriya da Lantarki, Bankin Raya Afirka kuma ya ƙara dala miliyan 200. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda aka tsara zai amfani mutane miliyan 17.5.

A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Ba a raba wannan kuɗi ga ƙauyuka ko ƙananan hukumomi. Kamfani mai zaman kansa ne ke gina ƙaramar tashar hasken rana da jarinsa, ya ja waya zuwa gidaje da shaguna, sa'an nan hukumar ta biya shi wani kaso gwargwadon yawan waɗanda ya haɗa wa wuta. Don haka wutar ba kyauta ba ce. Kowa da mitarsa, kuma sai ya biya zai sha.

Abin da ya rage gare mu

Kamfani ba ya zuwa garin da ba zai mayar da kuɗinsa ba, kuma fitilun gida kaɗai ba sa riƙe tasha. Masu injin niƙa da na casar shinkafa, masu walda, masu sayar da ƙanƙara, da manoman rani da ke ban ruwa a fadamun Gulbin Zamfara ko gonakin albasa na Aliero, su ne ke sa aikin ya ɗore, musamman da yake tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin man injin ban ruwa ya zame wa manomi babban nauyi.

Saboda haka muna shawartar kansiloli, hakimai da dagatai da su tanadi ƙididdigar gidaje da masu sana'a a kowace mazaɓa, su keɓe filin da babu rigimar gado a kansa. Ƙa'idojin hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, sun tanadi rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kamfani da al'umma. Kafin a sa hannu, a karanta wa jama'a ita da Hausa a bainar taro, a tabbatar an fayyace farashin wuta, awannin da za a riƙa bayar da ita, da wanda zai ɗauki nauyin sauya batura idan sun mutu.