Masu Bi na Tsibiri: Shekara Kusan Ɗari Suna Nan

A watan Yuni na 2019 wasu matasa suka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya da ke birnin Maraɗi, suka haɗa da motar faston. Dalilin fushinsu shi ne kama limamin wani masallaci da hukuma ta yi saboda ya soki wani ƙudurin doka kan harkokin addini. Rigimar tsakanin malami da gwamnati take, amma a kan coci aka huce. Na san da yawa cikin yaran da suka ɗauki fetur a daren suna ganin coci baƙon abu ne a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi. Da an koya musu tarihin yankinsu, da sun san cewa akwai Hausawa Kirista a nan tun kafin a haifi kakanninsu.

Labarin ya faro ne da mutuwa. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare zazzaɓi ya kashe Gowans da Kent. Bingham ya koma gida da rashin lafiya, ya sake dawowa, ya sake komawa, sai a 1902 ƙungiyarsu ta samu wurin zama a Patigi. Ita ce aka sani da SIM. Ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru kuma ta kafa tasha a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, wanda yanzu yake cikin gundumar Gidan Rumji.

Littattafan 'yan mishan sun cika da wahalar Turawa: zafi, zazzaɓi, kaburburan 'ya'yansu. Wahala ce ta gaskiya, ba na rainawa. Sai dai Bature yana da hutu, yana da ƙasar da zai koma idan jiki ya ƙi. Bagobirin da ya ce ya zama mai bi ba shi da wani wurin zuwa. A ƙauye gonarka ta gandun gidanku ce, matar da za ka aura dangi ne za su nema maka, ranar mutuwarka su ne za su haƙa kabari. Wanda ya bar addinin gidansu, ko Musulunci ne ko tsafin Azna, ya saka duk waɗannan cikin haɗari a rana ɗaya. Ba lallai a ɗaga masa hannu ba. Ya isa a daina cin abinci kwano ɗaya da shi, ko surukai su zo su tafi da 'yarsu. Irin wannan azaba ba ta shiga jarida, kuma a ganina ita ce mafi nauyi a tarihin nan. Barbara Cooper, Ba'amurkiyar da ta wallafa littafi kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta nuna cewa masu bishara 'yan ƙasa su ne suka kai aikin ƙauyuka, ba Turawan da ke zaune a tasha ba. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932, suna karantawa da harshen da suka sha a nono.

Gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta sakar musu mara ba. Faransawa ba su yarda da waɗannan 'yan mishan masu jin Ingilishi ba, waɗanda hedikwatarsu take Jos, a ƙasar Ingila ke mulki. Da Faransa ta faɗi a 1940, mahukuntan Afirka ta Yamma suka bi gwamnatin Vichy har zuwa ƙarshen 1942, iyakar Najeriya ta koma iyakar abokan gaba. Aka sa wa 'yan mishan ido kamar 'yan leƙen asiri, aka takura zirga-zirgarsu.

Akwai kuma wata wahalar da ta shafi malaman makaranta kai tsaye. Dokar Faransa ta ce karatu a makaranta sai da Faransanci. SIM kuwa ta fi son koyar da karatun Hausa da boko domin mutum ya iya karanta Littafi, ta kuma yi jinkiri ƙwarai wajen buɗe makarantu irin na gwamnati. Sakamakon haka 'ya'yan masu bi na farko suka iya karatu amma ba su da takardar da za ta ba su aiki. Wannan kuskuren mishan ne, kuma Kiristocin Nijar sun daɗe suna ƙorafi a kai. Da ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafarta a zamanin samun 'yancin kai, ta gaji mutane masu himma da aljihu wayam. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye ta horar da irin waɗannan ma'aikata, mutanen da za su koma ƙauye su yi noma da damina kamar kowa, su yi wa'azi ranar Lahadi ga gidaje ƙalilan.

Abin da ya sa maƙwabta suka saba da su shi ne aikin hannu. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, na kutare a Danja a 1956, a zamanin da ake gudun kuturu kamar wuta. Sai kuma batun itatuwa. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da SIM a Maraɗi, ya shafe shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa, in an bar 'yan rassa aka gyara su za su koma itace. An yi masa dariya da farko. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, lokacin da aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Yau wanda ya bi hanyar Agye zuwa Gazawa zai ga gawo da kalgo tsaye cikin gonakin hatsi, ƙauyen Ɗan Saga ma ya yi suna a kan haka. Manoman da suka yi aikin kusan dukkansu Musulmi ne.

Duk da haka wutar ba ta daina tashi ba. A Nuwamba 2000 zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka ƙona cocin Vie Abondante. Gaskiya ita ce salon wa'azin wasu sababbin coci-coci a rediyo ya ɓata wa mutane rai, tsofaffin masu bi ma ba duka ke jin daɗinsa ba. Amma ɓacin rai ba hujjar ashana ba ce. A Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin mujallar Charlie Hebdo, mutum goma suka mutu a Damagaram da Yamai, 'yan sanda suka ce coci 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya yi zane a Faris.

Haɗarin yanzu a Gidan Rumji wani iri ne daban. Tun wajajen 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumar, 'yan bindiga kuma suna tsallako iyaka da dare su kore shanu su ɗauki mutane don kuɗin fansa. Ba sa tambayar addinin kowa. Mai bishara na ƙauye da limamin ƙauyen kunne ɗaya suke kasawa idan aka ji ƙarar babura daga kudu.