Hanyar zama lauya daga Kongolam: wa ke tallafa wa ɗalibi?

Garin Kongolam na cikin ƙaramar hukumar Mai'adua ta jihar Katsina, a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kan hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Damagaram.

Gari ne na fatake da direbobi da jami'an kwastan, inda rikicin kaya da na bashi da na gona ba baƙon abu ba ne. Sai dai ɗan garin da ke son zama lauya dole ya bar gida na aƙalla shekara shida, kuma kowane mataki da irin kuɗin da yake ci.

Matakin farko

Makaranta mafi kusa ita ce kwalejin koyon shari'a ta jihar da ke Daura, wadda aka sa wa sunan masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005.

Difloma ake samu a can. Tana buɗe ƙofar aiki a kotuna ko shiga jami'a daga aji biyu, amma ba ta ba mutum ikon tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya.

Digirin shari'a shekara biyar ne. 'Yan masarautar Daura kan nufi Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko Jami'ar Bayero a Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na shari'a ke Kongo a Zariya. A waɗannan jami'o'i ana koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin da aka gada daga Ingila.

Shekarar da ta fi nauyi

Digiri kaɗai bai isa ba. Sai mutum ya yi shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a 1963, sannan hedikwatarta ta koma Bwari kusa da Abuja a 1997.

Reshenta mafi kusa da Daura shi ne na Bagauda a jihar Kano, to amma makarantar ce ke raba ɗalibai, saboda haka ana iya tura ɗan Kongolam Yola ko Inugu ko Yenaguwa ko Fatakwal.

A nan ne ɗalibai da yawa ke cijewa. Kuɗin makarantar ya ɗara abin da suka saba biya a jami'ar gwamnati, ga littattafai da kwamfuta da tufafin baƙi da fari da ake wajabtawa, ga kuma hular gashi da baƙar riga ta ranar rantsarwa.

Akwai wata matsalar da iyaye ba su cika sani ba. Majalisar kula da ilimin shari'a na ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta aiko. Jami'ar da ta ɗibi fiye da kasonta, ɗalibanta kan zauna jiran gurbi bayan sun gama digiri.

Inda taimako ke fitowa

Jihar Katsina na da hukumar ba da tallafin karatu, kuma gwamnatocin jihohin arewa da dama sun sha biya wa 'yan jiharsu kuɗin makarantar lauyoyi. Wannan dai ba haƙƙi ba ne da doka ta tanada. Ya danganta da gwamnatin da ke ci da abin da ke aljihunta, kuma ana neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma.

A 2024 aka sa hannu kan dokar bashin karatu, aka kafa asusun NELFUND domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Bashi ne marar ruwa, abin da ya sauƙaƙa wa Musulmi karɓarsa, amma bashi ne da za a biya.

Galibi dai dangi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin: kawu ya sayar da sa, uwa ta kwashe adashi, wani attajirin gari ya cike gurbin daga zakkarsa.

A cikin jami'a akwai ƙungiyar ɗaliban shari'a ta LAWSAN da ta ɗaliban shari'a Musulmi, NAMLAS, masu shirya bita da gwajin zaman kotu. Tun 2003 kuma ƙungiyar NULAI ke yaɗa ɗakunan ba da shawarar shari'a kyauta a jami'o'i, inda ɗalibai ke duba matsalolin talakawa da na masu jiran shari'a a gidajen yari ƙarƙashin kulawar malamansu.

Makarantar lauyoyi na tura ɗalibai zaman koyo a kotu da ofishin lauya na wasu makonni. Wanda ya samu wuri a Daura ko Katsina ya rage kuɗin haya, ya kuma san lauyoyin da zai yi aiki da su daga baya.

Batun mata

Ga iyayen da ke ɗari-ɗarin tura 'ya'yansu mata, an samu sauyi. A watan Disamban 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta.

Bayan ƙorafin ƙungiyoyin Musulmi, majalisar dattawan lauyoyi ta amince, aka rantsar da ita da hijabinta a watan Yulin 2018. Tun daga lokacin mata Musulmi ke halartar bikin da kansu a lulluɓe ƙarƙashin hular.

Ƙetaren iyaka

Ɗan Kongolam mai dangi a Matamaye ko Damagaram na iya sha'awar karatu a Yamai. Sai dai Nijar tsarin dokokin Faransa take bi, kuma da Faransanci ake koyarwa. Ko wanda ya yi digirin shari'a a ƙasar waje mai tsari irin na Najeriya sai ya yi ƙarin kwas na share fage a makarantar lauyoyi kafin ya haɗu da sauran ɗalibai a shekarar ƙarshe.