Asalin Birnin Perth da Yawon Buɗe Ido a Bakin Kogin Tay

Perth birni ne da ke tsakiyar ƙasar Sikotlan, wato yankin arewa na tsibirin Birtaniya, yana zaune a gaɓar yamma ta kogin Tay, mazaunansa kuwa ba su cika dubu 50 ba. Kogin ne ya haifi garin, domin a daidai wannan wuri abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, cikar teku, wato hauhawar da ruwan teku ke yi sau biyu a kowace rana, tana turo ruwa cikin kogin har zuwa nan, saboda haka jiragen fatake na iya tasowa daga Tekun Arewa su sauke kaya a tsakiyar ƙasa. Na biyu kuma, daga nan har zuwa bakin teku kogin ƙara faɗi kawai yake yi, ta yadda a zamanin da nan ne wuri na ƙarshe da ake iya samun mashigi ko a kafa gada. Tay ya fi kowane kogi tsawo a Sikotlan, yana tafiyar kimanin kilomita 190 daga tsaunin Ben Lui, kuma duk faɗin Birtaniya babu kogin da ya kai shi yawan ruwan da yake zubarwa a teku.

Mutane sun daɗe suna bin wannan ruwa kafin a yi gari. A shekarar 2001 an gano wani kwale-kwale da aka sassaƙa daga gungumen itace guda, tsawonsa kusan mita 9, binne cikin taɓon kogin a Carpow, masana kuwa suka ƙiyasta ya kai shekara dubu uku. Rumawa sun kafa sansani a kusa da wurin, bayansu ƙasar ta zauna a hannun mutanen da ake kira Pict, waɗanda daga harshensu ake jin sunan garin ya fito, da ma'anar kurmi. Sai dai martabar yankin ta fara ne daga Scone, wani ƙaramin wuri mai nisan kamar kilomita 3 a arewacin Perth, a ɗaya gaɓar kogin, inda akwai wani ɗan tudu da sarakunan Sikotlan suka mayar wurin naɗin sarauta. A kan wani dutse ake zaunar da sabon sarki, dutsen yashi ne mai nauyin kimanin kilo 152, mai zoben ƙarfe a gefensa biyu. Almara ta ce shi ne dutsen da Annabi Yakubu ya yi matashi da shi, amma masu binciken duwatsu sun nuna irinsa ɗaya da duwatsun da ke ƙasar Scone ɗin kanta. A shekarar 1296 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ci ƙasar da yaƙi, ya kwashe dutsen ya kai majami'ar Westminster a Landan, aka sanya shi a ƙarƙashin karagar naɗin sarakunan Ingila. Rashin dutsen bai hana naɗi a Scone ba, gama a can aka naɗa Robert Bruce a 1306, a can kuma aka yi naɗi na ƙarshe, na Charles na Biyu, ranar 1 ga Janairun 1651.

Shi garin Perth kansa ya sami matsayi ne a farkon ƙarni na 12, lokacin da Sarki David na Ɗaya ya sanya shi cikin garuruwan sarki, wato waɗanda aka ba 'yan kasuwarsu izinin cin kasuwa da fatauci zuwa ƙetare, su kuma suna biyan haraji kai tsaye ga fada. Ulu da fatu da kifi suke fitarwa zuwa ƙasashen da ke hayin Tekun Arewa, su shigo da giyar inabi da tufafi da tukwane. Masu sana'a suka zauna rukuni-rukuni, har yau kuwa wasu lungunan tsakiyar garin na ɗauke da sunayen majema da mahauta da masu gashin burodi, kamar yadda ake samun unguwar Dukawa ko ta Maƙera a tsofaffin biranen ƙasar Hausa. Perth na cikin 'yan garuruwan Sikotlan da suka yi ganuwa, an kuma janyo ruwa daga kogin Almond ya zama gwalalo a gindinta. Cikin wannan ruwa Robert Bruce ya ratsa da dare a watan Janairun 1313, ya haura da tsani, ya ƙwace garin daga hannun Ingilawa. Sarakuna sun riƙa sauka a garin, majalisar ƙasa ta riƙa zama a cikinsa, har ake ɗaukarsa kamar babban birni, ko da yake a wancan zamani fada tana bin sarki ne duk inda ya sauka.

Wannan ɗaukaka ta yanke a watan Fabrairun 1437, daren da wasu manyan ƙasa suka kutsa gidan 'yan zuhudu na Blackfriars suka kashe Sarki James na Ɗaya. Ruwayar wancan zamani ta ce sarkin ya ɓuya a magudanar ruwa da ke ƙarƙashin ɗaki, ya kuwa tarar da mafitarta a toshe, domin 'yan kwanaki kafin nan shi da kansa ya sa aka toshe ta saboda ƙwallayen wasansa na faɗawa ciki. Daga nan fada ta karkata zuwa Edinbara. Asara ta biyu ta zo a watan Mayun 1559, sa'ad da John Knox, jagoran masu neman gyaran addinin Kirista a ƙasar, ya yi wa'azi mai zafi a majami'ar Saint John a kan gumaka, jama'a suka fita suka rushe gidajen 'yan zuhudu na garin, har da wanda aka binne James a ciki, ba a daɗe ba kuma aka ƙone na Scone. Ganuwar ma an kwashe ta a ƙarni na 18 don garin ya sami faɗaɗa. Shi ya sa Perth ta zama tsohon gari mai ƙarancin tsofaffin gine-gine: in aka cire majami'ar Saint John, wadda yawancin gininta na ƙarni na 15 ne, kusan babu abin da ya saura a tsaye daga zamanin sarakuna, baƙon da ya zo neman kufai da ganuwa kuwa sai dai a nuna masa wurin da suka taɓa kasancewa.

Abin da garin ya rasa na gini, kogin ya biya shi da fili, ta hanyar da babu wanda ya nema. Tay kogi ne mai ambaliya, musamman idan ƙanƙarar tuddai ta narke a lokaci ɗaya da ruwan sama. Ambaliyar 1209 ta tafi da gada da gidan sarki, ta 1621 ta cinye sabuwar gadar dutse da ba a daɗe da gamawa ba, daga nan garin ya shekara 150 ana fito da kwale-kwale, sai a 1771 injiniya John Smeaton ya kammala gadar da ke tsaye har yanzu. A jikin ɗaya daga cikin ginshiƙanta ana sassaƙa iyakar da ruwa ya kai a kowace babbar ambaliya, alamar da ta fi bisa ita ce ta 1814, ta 1993 kuwa ita ta sa aka gina katangu da ƙofofin tare ruwa da aka gama a 2001. Fadamu biyu da ke arewa da kudancin garin, waɗanda ake kira North Inch da South Inch, ruwa na yawan shanye su, don haka aka bar su fili tun da sarki ya mallaka wa garin su a ƙarni na 14: makiyaya ce, wurin shanyar tufafi ne, fagen atisayen mayaƙa ne. Su ne a yau manyan wuraren shaƙatawar birnin.

A North Inch ɗin aka yi wani abu a 1396 wanda daga baya ya zama jarin garin. Dangogi biyu na mutanen tuddai da suka daɗe suna gaba aka yanke musu su fitar da mutum talatin-talatin su gwabza a gaban Sarki Robert na Uku, aka kafa shinge, jama'a suka taru kallo, kaɗan ne suka fita da rai. Marubuci Walter Scott ya ɗauki wannan labari ya gina ƙagaggen littafinsa The Fair Maid of Perth a kansa, ya fitar da shi a 1828, lokacin da ake karanta littattafansa a duk Turai, kuma daga nan ne kirarin Kyakkyawan Birni ya bi Perth. A nan ya kamata a nemi asalin yawon buɗe ido a garin, wato tafiyar da mutum ke yi don ganin wuri kawai, ba don fatauci ko ziyarar dangi ba. Masu karatu suka fara zuwa ganin inda labarin ya faru, aka kuwa samo musu wani tsohon gida aka ce na budurwar littafin ne, alhali ita budurwar ba ta taɓa rayuwa ba sai a alƙalamin Scott. Gidan yana nan, ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Sikotlan ce ke riƙe da shi. Sarauniya Victoria ta sauka a fadar Scone a 1842, layukan dogo suka haɗu a garin kafin 1850, Perth ta zama zangon duk mai nufin ƙasar tuddai.

Masu ƙasa na yankin su ma sun gyara wuri don ido. A hayin kogin akwai dutsen Kinnoull, tsayinsa mita 222, gefensa na kudu a miƙe yake kamar bango, a bakin wannan gefe kuma akwai hasumiyar da aka gina don kwaikwayon gidajen sarauta na bakin kogin Rhine a Jamus. Ƙawa ce zalla, ba a taɓa tsare gari daga cikinta ba, amma ita ce hoton da aka fi sanin Perth da shi. A gindin dutsen akwai lambun Branklyn, wanda John da Dorothy Renton suka fara a 1922, suka cika shi da furannin tsaunukan Himalaya. Fadar Scone ta yanzu ginin farkon ƙarni na 19 ce, ta gidan Mansfield, a harabarta akwai itacen da ya tsiro daga irin da David Douglas ya aiko daga Amurka, shi kuwa masanin tsirrai ne haifaffen Scone a 1799. A cikin fadar akwai zanen Dido Belle, wadda mahaifiyarta baiwa ce 'yar asalin Afirka, ta kuma tashi a gidan Lord Mansfield, babban alƙalin Ingila.

Wasannin fili sun fi littafin Scott daɗewa. A 1457 majalisar Sikotlan ta hana wasan golf, wato bugun ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa rami, saboda yana shagaltar da maza daga koyon harbin baka, amma a 1502 littafin ma'ajin fada ya nuna Sarki James na Huɗu ya sayi sandunan wasan a Perth, a hannun mai yin bakuna kuwa. Har yanzu ana bugawa a North Inch da kuma tsibirin Moncreiffe da ke tsakiyar kogin, wanda 'yan wasa ke isa da ƙafa ta gefen gadar jirgin ƙasa. Kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi ya tafi teku ya girma sannan ya komo hayayyafa, da can kayan fatauci ne da ake kamawa da taru, ana jera shi cikin ƙanƙara zuwa Landan tun ƙarshen ƙarni na 18. Yanzu kamun fatsa ne na masu biyan kuɗi, ana buɗe shi ranar 15 ga Janairu da busa da biki, kuma saboda kifin ya ragu ƙwarai, akasari mayar da shi ruwa ake yi bayan an kama. Mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa a Birtaniya mace ce ta kama shi a Tay, Georgina Ballantine, a watan Oktoban 1922, nauyinsa kilo 29. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da ruwayen Sikotlan da ƙafa ko keke ko kwale-kwale, muddin bai yi ɓarna ba, ita ce kuma ta sauƙaƙa wa masu tuƙa ƙananan kwale-kwale shiga kogin da a da masu kamun kifi ke ganin nasu ne.

A gefen North Inch, cikin gidan Balhousie, akwai gidan tarihin rundunar Black Watch, tsohuwar rundunar mutanen tuddai, wadda ta yi yaƙin Asante na 1874 a ƙasar da ta zama Gana, yaƙin da sojojin Hausawa da John Glover ya tara su ma suka shiga a ɓangaren Birtaniya.

Dutsen naɗin sarauta kuwa ya shekara 700 a Landan, in ban da 'yan watanni bayan wasu ɗalibai huɗu na Sikotlan sun ɗauke shi ranar Kirsimetin 1950. Gwamnatin Birtaniya ta mayar da shi Sikotlan a 1996, aka ajiye shi a Edinbara, da sharaɗin a riƙa kai shi Westminster duk lokacin naɗin sabon sarki, kamar yadda aka yi wa Charles na Uku a 2023. Perth, wadda ta rasa matsayin birni a hukumance a 1975 ta sake samunsa a 2012, ta nemi a ba ta dutsen, ta gyara tsohon zauren taron gari ta mayar da shi gidan tarihi, aka buɗe shi a ƙarshen watan Maris na 2024 da dutsen a tsakiyarsa. Ganinsa kyauta ne, sai dai ana shigar da masu kallo rukuni-rukuni a kan lokacin da aka yanka musu.