Husufin Khartoum na 1952 da matsalar saitin madubi

Ina cikin masu sha'awar kallon taurari da na'urar hangen nesa mai babban madubi, irin wadda Isaac Newton ya ƙirƙiro a 1668. Kukan da muke yawan yi ɗaya ne: ka saita tauraro ya fito tsaf, bayan awa guda ya koma dishi-dishi. Galibi laifin zafi ne. Madubin da ya sha rana yana canza siffa yayin da yake hucewa, bututun ƙarfen yana tsukewa, sai saitin ya goce. Wannan matsala ta taɓa wahalar da manyan masana, kuma Sudan na da gurbi a tarihinta.

Einstein ya ce nauyin rana yana lanƙwasa hasken tauraron da ya gifta gefenta da daƙiƙa 1.75 ta kusurwa, daƙiƙa kuwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri. A wancan lokacin, sai rana ta yi cikakken husufi ake iya aunawa. Ranar 29 ga Mayu, 1919, masanan Ingila sun gwada a Sobral ta Brazil, amma hotunan babbar na'urarsu suka fito da dishi-dishi, aka ɗora laifin kan zafin rana da ya taɓa madubin. Ƙaramar na'urar da suka riƙo ce ta fitar da su kunya.

Ranar 25 ga Fabrairu, 1952, inuwar wata ta rufe Khartoum da Omdurman na kusan minti 3. Masana sun hallara, cikinsu har da Bernard Lyot na Faransa, wanda ya rasu a Alƙahira kan hanyarsa ta komawa gida, da George Van Biesbroeck na cibiyar Yerkes ta Amurka. Van Biesbroeck ya san cewa gocewar saiti kaɗan na sauya girman hoto, ta ɓata awon. Saboda haka bai tsaya ga hotunan husufin ba. Bayan kimanin wata 6 ya dawo Khartoum, ya ɗauki taurarin nan da dare, ba rana a tsakaninsu, ya gwama hotunan. Ya sami 1.70.

Daga nan na ɗauki dabi'ata: in fitar da na'ura tun magariba ta huce, in sake saiti duk lokacin da iska ta ƙara sanyi, kada in yanke hukunci da kallo ɗaya.